Bakwai Mai Kama da Shida

A Gaya ta ƙasar Zabarmawa aka fara cutata, tun ban cinye guzurin da matata Kulu ta ƙulla mini ba. Ina tsaye bakin kogi ina kallon jiragen fito, sai ga wani mutum tsaf-tsaf, da Hausa a bakinsa kamar a Sakkwato aka yanke masa cibiya. Ya gaishe ni har da tambayar mutanen gida. Da ya ji Gwanja za ni, ya kama baki.

"Ba ka da takardar ƙetare? Ai Faransa ba su san wasa ba, Malam. Ɗaure ka za su yi."

Ya zaro wata takarda mai jan rubutu da hatimi, ya ce ta ɗan'uwansa ce da ya fasa tafiya. Ya ce ba ya son ko anini nawa, hular kaina kawai ta ba shi sha'awa. Hular nan wata biyu na yi ina ɗinkinta. Na cire na ba shi, har ina sa masa albarka. Da muka ƙetare na miƙa wa mai duba takardu. Ya duba, ya kira abokin aikinsa, suka yi ta dariya har ɗaya yana dafa bango. Wani Bazabarme ne ya fassara mini: takardar da ake naɗe maganin tsutsar ciki ce.

Kwana biyu na yi a gindin wata tsamiya, kai ba hula, kafin wani madugun 'yan goro ya ce ni nasa ne aka bar ni na wuce. A kwana biyun nan wata tsohuwa mai sayar da dambu ce ta riƙe ni. Ba ta jin Hausa, ba na jin Zabarmanci. Takan zubo a ganye ta ajiye kusa da ƙafata, ta kau da kai don kada in ji kunya.

Sunana Ummaru. Shekarata arba'in da ɗaya lokacin, da 'ya'ya huɗu, da furfura a gemu. Gidanmu a Bodinga gidan ɗinkin hannu ne. A zauren mahaifina, Malam Buhari, kakana ya zauna da allura, nan shi ma ya tsufa. Mu ne masu ɗinkin riga aska biyu da aska takwas, har daga Dandin Mahe ake kawo mana saƙi. Sai keken ɗinki ya shigo kasuwa. Abin da nake sati uku a kansa, mai keke ya gama kafin azahar. Ana ta maganar mulkin kai, samari kuma suka koma son wando mai maɓalli da taguwa mai kwala irin ta ma'aikatan ofis. Zaurenmu ya zama wurin hira. Ƙanena Sani, wanda ya bar allura ya kama awon gyaɗa, ya fara shigowa yana auna zauren da ido.

Da na so, da na koyi keke a Sakkwato. Amma masu keken can duk na girme su, wasu ma a gabana suka koyi zura zare. Girman kai ya hana ni, gaskiya ke nan. Na gwammace in tafi inda ba wanda ya san ubana. Na kai Kulu da yara gidan iyayenta a Shagari. Babana kuwa magana ɗaya ya yi mini:

"Damina biyu nib ba ka, Ummaru. In ta ukku ta hwaɗi ba ka komo da ɗinkin keken ga ba, Sani shi zuba gyaɗatai cikin zauren ga."

Daga bakin kogi muka bi ƙasar Dahome a bayan babbar mota, bisa buhunan albasa. A Zugu motar ta mutu, muka yi kwana shida. Can na fara cin doya da man ja har cikina ya yi mini tawaye. A Salaga na ji wani mai shanu yana kiran saniyarsa da irin kiran Fulanin wajen Lambara. Na tsaya kamar an dasa ni, hawaye suka zubo mini, ƙato da ni, a tsakiyar kasuwa. Ba abin da nake so a duniya ran nan sai fura mai sanyi da muryar Kulu tana yi wa yara faɗa. A Yeji muka ƙetare wani kogin, daji ya fara rufe sama, har muka shiga Kumasi ruwa yana zuba kamar ba zai ɗauke ba.

A Zango na sauka wurin Alhaji Garba, mutumin Jega, mai fataucin goro. Ya ba ni wurin shimfiɗa tabarma, ya ba ni aiki. Daga sallar asuba zuwa la'asar ina cikin goro: mu tsince mai ƙwari, mu yayyafa ruwa, mu jera ganye, mu ɗaure huhun goro, mu ɗauka a ka zuwa tasha. Hannun da bai san abin da ya fi allura nauyi ba ya yi kanta cikin sati biyu. Abin da ya rage mini na koyo shi ne tsakanin la'asar da magariba, da yammacin Juma'a.

Telan da ya karɓe ni sunansa Sumaila, Badagombe, na ba shi shekara goma cif. Hausarsa ta Zango ce, wadda ba mace a cikinta, ko matarsa ce ta shigo sai ya ce "ya zo". Ya dube ni sama da ƙasa.

"Baba, kai tsoho ne. Ƙafanka ya bushe. Keke yana son ƙafa mai laushi."

Na ɗauki wata taguwa da ke kan teburinsa, na yi mata gidan maɓalli da hannu yana kallo. Ya juya ta ciki da bai. Ya ce in riƙa yi masa gidan maɓalli da kalmasa, shi kuma ya ɗora ni a keke. Kowa Masta yake ce masa. Ni sai da na yi wata guda kafin kalmar ta fita daga bakina, ita ma a ciki-ciki.

Ya yi gaskiya a kan ƙafa. Da na taka sai keken ya koma baya, zare ya tsinke, ya cukurkuɗe a ƙasa. Wata biyu ina ɗinka tsohuwar jarida ba zare, ina bin layi da hujin allura. Kuma da ƙyar nakan samu rabin sa'a a kai, don in aiki ya matse sai ya ce in tashi. Sai na yi dabara. Na samo guntun katako na ɗora a kan muciya, na ajiye a ƙarƙashin inda nake zama a rumfar goro. Hannuna yana tsintar goro, ƙafata tana taka katako, gaba, baya, gaba, baya. Alhaji Garba ya leƙo wata rana ya ce, "Ummaru, iska ce ta taɓa ka ko keke?" Tun daga nan in baƙi sun zo sai ya kawo su su ga telan da ke ɗinka ƙasa. Na bar su da dariyarsu. Kafin azumi ƙafata ta kama, duk da sau biyu gyangyaɗi ya sa allura ta ratsa mini ɗan yatsa.

Saura awo. Mu a gida da kamu da taƙi muke aunawa, sauran kuma ido. Babbar riga ba ta gardama, in ta yi yawa ado ne. Wando mai maɓalli kuwa bai san wannan ba. Sumaila yana da tef mai ruwan ɗorawa da yake ratayawa a wuya. Ran da ya miƙo mini ya ce, "Zauna in koya maka lamba."

Nan ne Ummaru ya zama Ummaru. Na ce, "Lamba? Ni ɗan malamai ne. Tun kafin a haife ka nake hisabi."

Ba ƙarya na yi ba. Baba ya koya mini lambobin hisabi tun ina ƙarami, irin waɗanda malamai ke zanawa a hatimi. Da na dubi tef na ga ɗaya tamu ce, tara ma tamu ce. Na ga wata sanda mai lanƙwasa kai hagu, 7, na ce ga shida. Na ga wani zobe, 0, na ce ga biyar, don a hisabi biyar zobe ce, sifiri kuwa ɗigo ne kawai. Sauran da suka yi mini baƙo, kwana kaɗan ina satar kallo: in Sumaila ya faɗi awo, sai in leƙa inda babban yatsansa yake. Haka na tsinci biyu da huɗu da takwas. Waɗannan biyun kuwa ban ko leƙa ba, tunda a ganina 'yan gida ne.

Ana gab da Kirsimeti, aiki ya yi wa Sumaila katutu, sai ga Papa Kwaku, wani manomin koko Ba'asante, ƙato mai fara'a. Ya kawo yadi mai tsada, fari sol, yana son wando da taguwa na zuwa coci. Sumaila bai ɗago daga keke ba ya ce, "Baba, auna shi ka faɗa, ni in rubuta."

Na zagaya ƙugunsa da tef, na ga huɗu da zobe. Na ce, "Arba'in da biyar." Na zagaya wuyansa, na ga ɗaya da sanda mai lanƙwasa. Na ce, "Sha shida." Da ƙarfi na faɗa, don masu wucewa su ji.

Ran da ya zo gwadawa, ya shiga bayan labule ya fito. Hannunsa ɗaya yana riƙe da wando don kada ya zube, ɗayan yana fama da kwala, idanunsa sun firfito kamar an shaƙe rago. Sumaila ya miƙe tsaye. Ya fizge tef daga wuyansa ya cusa mini.

"Nuna mini arba'in da biyar."

Na nuna masa arba'in.

"Nuna mini sha shida."

Na nuna masa sha bakwai. Har a lokacin ina da bakin gardama. Na ɗauki allinsa na durƙusa na zana masa lambobin hisabi a ƙasa, daga ɗaya zuwa goma, in nuna masa shi ne bai sani ba. Ya duba, ya zana nasa a ƙarƙashin nawa. Shidata ta zauna daidai a kan wani abu mai kama da tara a kife, bakwai ɗinsa kuwa ga ta can a gabanta, sak shidata. Na yi ta kallon ƙasa. Papa Kwaku da aka fassara masa ya yi dariya har ya manta ya saki wando.

Sumaila bai yi dariya ba. Ya ce wando za a rage, amma wuyan taguwa an riga an yanka, ba sauran yadi. Ya ce, "Baba, koma ka ɗauki goro. Shi ne aikinka."

Na fito ban san inda nake jefa ƙafa ba. Damina ɗaya ta wuce, ga shi an kore ni. Ina tafiya ina ganin buhunan Sani jere a inda kakana ya zauna. Ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi. Mai hular Gaya ya cuce ni da abin da ban sani ba, wannan kuwa da hannuna na yi.

Washegari bayan asuba na gaya wa Alhaji Garba. Ya gama dariyarsa, ya share ido, ya ce, "Tahi ka gyara ɓarnarka, huhu ba shi gudu. Na ba ka kwana ukku."

Na koma shagon na tsaya a ƙofa. Na ce, "Masta." Wannan karon da dukan bakina na faɗa. Na ce ya ba ni taguwar na kwana uku, in ta ƙara lalacewa ba zai sake ganina ba. Ya jefo mini ita bai dube ni ba. Na zauna a dakalin masallaci inda haske yake. Na farke kwalar gaba ɗaya, na buɗe wuyan, na sa ƙyallen da aka rage daga ƙugun wando, sannan na rufe mahaɗin da linzami irin na babbar riga, da zaren siliki ruwan zuma. Duk abin da Baba ya koya mini na zuba a wuyan taguwar nan.

Papa Kwaku ya sa, ya tsaya gaban madubi, ya daɗe. Sai ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Kafin sabuwar shekara ya kawo abokansa uku, kowa irin wuyan nan yake so.

Da suka tafi Sumaila ya share teburinsa, ya ajiye alli. Ya ce, "Ka koya mini wannan."

Na ce, "To. Amma ka fara koya mini lamba. Daga ɗaya, Masta. Ban sani ba."

Haka muka yi shekara. Shi da allura yana soke yatsa yana zagin zare da Dagombanci, ni da kwalin da ya rubuta mini lambobi, kullum yana aljihuna. Ina ɗauke da huhu ina karanta lambar motoci a tasha. Ina jiran sallah ina zana bakwai da yatsa a cinyata, ina ce mata ke ba shida ba ce. Abin da aka koya yana yaro ba ya fita da sauƙi, sai da na yi wata uku idona yana cewa shida, bakina yana gyara masa. Na koyi yanka wando, na koyi kafa hannun taguwa, na koyi rigar mata. Zango kuwa ta sa mini suna Shida-Bakwai, har yau akwai masu kirana da shi.

Bayan damina ta biyu wani ɗan goro ya kawo mini wasiƙa daga Bodinga, da ajami. Maganar ta Baba ce, gaisuwa ce da addu'a, ko zaure bai ambata ba. Amma hannun ba nasa ba ne. Mutumin da ke zana aska takwas ba ya ba wani ya rubuta masa wasiƙa sai in ido ya tafi. Na sayi tsohon kan keke da ƙafarsa, na kwance na ɗaure a buhu. Sumaila ya raka ni tasha. Mota ta tashi ke nan ya ciro tef ɗin daga wuyansa ya jefo mini ta taga. A Gaya na duba bakin kogi ko zan ga hulata a kan wani, ban gani ba. Tsohuwa mai dambu ma an ce ta koma garinsu. Goron da na ƙulla mata sai na ba wata mai kama da ita.

Na iso Bodinga hadari yana haɗuwa a gabas, an riga an samu mulkin kai ba na nan. A kusurwar zaure na tarar da sikelin Sani. Baba yana zaune a kan buzunsa, idanunsa sun yi fari. Na haɗa keke a gabansa, na taka. Ya miƙo hannu ya dafa teburin yana jin rawarsa. Sani kuwa bai ɗauke sikelinsa ba, ya ce mu ga aiki tukuna.

Sati biyu ba wanda ya kawo ko ƙyalle. Maza sun saba da masu keken kasuwa. Aikin farko da ya shigo daga gidan maƙwabcinmu ne, za su yi biki, rigunan mata shida. Na zauna da yadi a gaba na rasa yadda zan yi. Matan aure ne, ba zan shiga in auna su ba, kuma rigar mata ta fi wando rashin haƙuri. In na yi da ka na ɓata, zance ya ƙare, gari zai ji kafin magariba.

Kulu, wadda na ɗauko daga Shagari kwana uku kafin nan, ta yi gyaran murya daga bayan ƙofar cikin gida.

"Malam, miƙo man igiyar ga."

Na ce, "Mi za ki yi da ita? Wagga sai wanda yas san lamba."

Ta ce, "Miƙo dai."

Ashe da ba na nan an buɗe ajin manya na mata a Shagari, a gidan wata malama. Tsakanin daka da ɗora tukunya take zuwa, da goyo a baya. Ta ce, "Kai kat tahi Gwanja, ni bayan gidanmu nit tahi." Na nuna mata inda ake ɗora tef a kafaɗa da ƙirji, a jikin 'yarmu. Ta yafa mayafi ta fita. Can sai ga ta ta dawo, ta tsaya bayan ƙofa tana faɗa mini, ina rubutawa da alli.

"Ƙirji talatin da bakwai, Malam. Bakwai hwa nic ce, ba shida ba."

Sani, da ke zaune kusa da sikelinsa, ya fashe da dariya. Ashe labarin ya riga ni zuwa gida da shekara guda, 'yan goro sun kawo shi har Shagari. Na haɗiye, na yanka. Rigunan shida suka zauna kamar a jikinsu aka saƙa su. Ran biki da yamma wata tsohuwa ta shigo da yadi, wata ta biyo ta. Ran da ruwan farko ya sauka, Sani ya zo da kansa ya ɗauki sikelinsa, ya ajiye mini yadin wando a kan keke, bai yarda mun haɗa ido ba.

Da ruwa ya tsagaita muka rage ni da Baba. Ya ce, "Ummaru, wagga bakwai da tak kusa kashe ka, ina son in gan ta."

Na ɗora yatsansa a kan tef, amma tef sumul yake, ba abin da zai ji. Sai na kama hannunsa na buɗe tafin, hannun da ya koya mini riƙon allura, na zana masa ita da ɗan yatsana a hankali. Ya ce in sake. Na sake.

Ya ɗago kai da ƙarfin hali ya ce, "Kai, wagga ai shida ta."

Na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma ban san ko dariyar nake ba. Na ce, "Haka nic ce, Baba."

Bai janye hannunsa ba. Ya ce, "To, zamna. Soma man daga ɗaya."